Tambaya da Amsa: Ƙetare Teku Kai Kaɗai a Ƙaramin Jirgi Mai Inji

A wannan fitowa wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana guda, wato tafiyar da wasu mutane ke yi su kaɗai a tsakiyar teku cikin ƙananan jiragen ruwa masu inji, waɗanda sau da yawa su da kansu suka ƙera bisa fasalin da ba a saba gani ba. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai sha'awar ƙere-ƙere, kuma na daɗe ina kallon bidiyon mutanen da ke ƙera jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce mita shida ko bakwai ba, su rufe shi ruf, su sa masa ƙaramin inji, wasu ma da hasken rana nasu yake aiki, su ce za su ƙetare Tekun Atlantika su kaɗai. Tunda yanzu akwai na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, ga waya mai aiki ko'ina a duniya, injunan zamani kuma ba su cika lalacewa ba, wane haɗari ne ya rage? Ina da burin in gwada wata rana.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka yi tambaya tun kafin ka fara ƙira, domin amsar tana da tsawo, kuma ba duka ce za ta yi maka daɗi ba. Na'urorin da ka lissafa matsala ɗaya suka magance daga cikin matsalolin teku, ita ce ɓata. Matuƙin yau ya san inda yake, har yana iya sanar da mutanen gida. Amma sanin inda kake ba ya ƙara mai a tanki, ba ya tayar da injin da ya mutu, kuma ba ya miƙar da jirgin da ya kife, alhali waɗannan ne suke halaka mutane tun kafin a ƙirƙiro tauraron ɗan'adam har zuwa yau.

Mu fara da mai, domin a nan ne lissafin yawancin masu wannan buri yake wargajewa. Hanyar da aka fi bi wajen ƙetare Atlantika daga gabas zuwa yamma ita ce daga tsibiran Kanari zuwa tsibiran Karibiyan, nisanta kuwa ya kai mil 2,700 na teku, wato kimanin kilomita 5,000, tunda mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Daga Kalifoniya zuwa Hawai a Tekun Fasifik ya haura mil 2,000, kuma babu wurin yada zango a tsakani. Ka ɗauka, a matsayin misali kawai, jirginka yana tafiyar mil 5 a awa, injinsa yana shan lita 2 ta man dizal a kowace awa. Tafiyar Kanari zuwa Karibiyan za ta ci awa 540, wato kwana 22 da rabi ba dare ba rana, za ta kuma sha lita 1,080. Litar dizal tana da nauyin kusan giram 840, saboda haka man kaɗai ya haura kilo 900, kuma wannan lissafin teku mai kwanciya ne, wadda babu iskar da ke mayar da kai baya, babu kewaye don kauce wa guguwa, babu tankin da ya yi yoyo. Duk matuƙi mai hankali zai ƙara aƙalla kashi ɗaya bisa uku a kan haka, sai ka ga nauyin ya zarce tan ɗaya, ban da ruwan sha da guzuri da batura da kayan gyara. Ka dubi jirgin mita bakwai, ka tambayi kanka ina za a zuba wannan duka, kuma me zai rage na jikinsa a saman ruwa bayan an zuba.

Kada ka ce za ka yi gudu ka gama da wuri. Jirgin da ke keta ruwa da cikinsa yana da iyakar saurin da tsawonsa ya yanke masa, kuma ga mai mita bakwai iyakar ba ta wuce mil 6 zuwa 7 a awa ba. Idan ka matsa wa inji bayan nan, mai kawai kake ƙonawa kana tara igiyar ruwa a gabanka. Jiragen gudu da ke ɗagawa su yi sulɓi a saman ruwa suna ninka wannan saurin, amma shan mansu ya fi ƙarfin tankinsu nesa ba kusa ba, kuma ba sa iya ɗagawar idan an yi musu lodi mai nauyi. Dole ke nan ƙaramin jirgi ya tafi a hankali, mai tafiya a hankali kuwa ba ya tsere wa mummunan yanayi ko da an sanar da shi zuwansa. Hasashen yanayi abin dogaro ne na 'yan kwanaki, kai kuwa fiye da mako uku za ka yi a ruwa. Lokacin manyan guguwoyi a Atlantika yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma wanda ya guje shi ya rage haɗari ƙwarai, sai dai iska mai ƙarfi tana tasowa a kowane wata. Wasu suna kauce wa matsalar mai ta bin hanyar arewa, daga Sikotland zuwa tsibiran Faro, zuwa Aisland, zuwa Girinland, zuwa Kanada, inda zangon ya fi gajarta, amma a can hazo da ƙanƙara mai yawo a ruwa da tsananin sanyi ne suke jiransu.

Nauyin nan kuma ba zaune yake yadda ka bar shi ba. Jirgin da ya bar gaɓa da tan ɗaya na mai a ƙasan cikinsa ya nutsa ƙwarai, ruwa yana hawa kansa cikin sauƙi. Idan ya kusa ƙarshen tafiya ya yi sakayau, nauyin da ke riƙe shi daga ƙasa ya tafi, abin da ya rage mai nauyi yana sama. A tsakani kuwa akwai abin da maƙeran jirage suke tsoro matuƙa, wato tankin da ba a cike yake ba, domin man da ke cikinsa yana kwarara zuwa gefen da jirgin ya karkata, ya ƙara danna shi can a daidai lokacin da ya kamata ya miƙe. Saboda haka ne ake raba tankuna gida-gida da shinge a ciki. Mai jera jarkoki a saman jirgi don ya ƙara nisan zango yana kusanto wa kansa da kifewa ne bai sani ba.

Abin da ke kifar da jirgi shi ne igiyar ruwa mai fashewa, wadda kanta ke karyewa ya zubo da ƙarfi, idan ta same shi daga gefe. A watan Agusta na 1979 guguwa ta afka wa gasar jirage ta Fastnet a ruwan da ke tsakanin Ingila da Ailan, inda jirage 303 suka shiga, matuƙa 15 suka rasa rayukansu. Gwaje-gwajen da aka yi bayan haka a Jami'ar Southampton sun nuna cewa igiya mai fashewa da tsayinta ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgi tana iya kayar da wasu jiragen, wadda ta kai kusan kashi 60 kuwa babu wanda ya tsira mata cikin waɗanda aka gwada. Ga jirgin mita bakwai, maganar igiya mai mita biyu da 'yan kai zuwa mita huɗu ake yi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a tsakiyar teku. Ka lura kuma cewa waɗancan jirage ne masu filafilai da iska ke turawa, waɗanda ke da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsu da ke dawo da su tsaye bayan sun juya. Yawancin ƙananan jirage masu inji ba su da wannan, idan sun kife a kife suke zama. Tarayyar Turai ta kasa jiragen shaƙatawa gida huɗu bisa yanayin da aka ƙera su domin su jure, kuma rukunin farko ne kaɗai aka tsara don iska mai tsanani da igiyar da ta haura mita 4. Jirgin da mutum ya ƙera wa kansa bisa sabon fasali sau da yawa babu wanda ya taɓa auna masa wannan.

A nan ne maganar baƙon fasali take da nauyi, kuma ina so ka saurare ta da kyau a matsayinka na mai ƙira. Siffar jiragen da aka saba gani ba ƙarancin basirar maƙera ne ya tsayar da ita haka ba. Kusan kowace lanƙwasa a jikinsu darasi ne da aka koya bayan wasu jiragen sun nutse. Sabon fasali yana iya fin tsoho kyau, ba na musun haka, amma babu wanda ya san ta inda zai gaza sai ranar da ya gaza, kuma idan ranar ta riske ka mil dubu daga gaɓa, kai ne abin gwajin. Ɗauki jirgin da ka ce ana rufe shi ruf. Mutum yana bukatar iska, inji ma yana bukatar iska, don haka dole a bar ƙofofin shan iska, kuma kowace ƙofar iska ƙofar ruwa ce da zarar jirgi ya juya. Ko da ya juya ya dawo daidai kamar yadda aka tsara, batirin da ba a ɗaure sosai ba zai tashi daga wurinsa, injin da ya ci gaba da aiki a kife zai rasa baƙin mansa, wanda ke ciki kuma an buga shi da bango da rufi. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke fara sa mutum ciwon kai da barci kafin ta kashe shi, kuma rufaffen ɗaki ne wurin da ta fi taruwa. Idan fetur kake amfani da shi, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi ɗaya.

Ka ce injunan zamani ba su cika lalacewa ba, kuma ka yi gaskiya. Amma a teku ba inji ne ke fara gazawa ba, abubuwan da ke kewaye da shi ne. Jijjigar jirgi tana tayar da dattin da ya kwanta a gindin tanki ya toshe filta. Ruwa yana shiga mai. Igiyar masunta ko tsohuwar koma tana nannaɗe farfela, kuma warware ta yana bukatar ka shiga ruwa ƙarƙashin jirgin da ke sama da ƙasa a kanka. Tun daga 2011 ciyawar teku mai yawo ta yawaita ƙwarai a tsakiyar Atlantika, tana toshe bututun da ke jawo ruwan sanyaya inji. Jirgi mai filafilai idan injinsa ya mutu yana ci gaba da tafiya, ko da a hankali. Mai inji ɗaya tak kuwa, da zarar ya tsaya sai ya juya gefensa ga igiyar ruwa, wato daidai yanayin da na bayyana maka a sama, kuma batir ya fara ƙarewa, famfon kwashe ruwa da rediyo da fitilu su bi shi. A watan Nuwamba na 2012 wani masunci ɗan ƙasar El Salbado, José Salvador Alvarenga, ya fita daga gaɓar Meziko a jirgi mai tsawon kusan mita bakwai tare da abokin aikinsa. Guguwa ta same su, inji ya mutu, batirin rediyo ya ƙare. Bai sake taka ƙasa ba sai ƙarshen Janairu na 2014 a tsibiran Mashal, bayan kwana 438, abokin nasa kuwa ya rasu a hanya. Ba niyyar ƙetare teku suka yi ba, amma labarinsu yana nuna abin da ƙaramin jirgi yake zama idan injinsa ya yi shiru. Mai aiki da hasken rana bai kuɓuta ba shi ma, domin ƙarfin da allunansa ke tarawa kaɗan ne, kwana biyu na gajimare da iska daga gaba sun isa su mayar da shi baya.

Duk wannan maganar jirgi ce. Saura mutumin da ke cikinsa, wanda a ganina shi ne mafi rauni a cikin kayan tafiyar. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun wajabta wa kowane jirgi ya kasance da mai sa ido a kowane lokaci, abin da mutum ɗaya ba zai taɓa iya cikawa ba. Babban jirgin dakon kaya mai tafiyar mil 20 a awa yana cin mil ɗaya cikin minti uku, don haka wanda ka hango daga nisan mil shida ko bakwai zai iso kanka cikin kusan minti 20. Shi ya sa masu tafiya su kaɗai suke barci guntu-guntu, su farka su duba, su koma. Ƙaramin jirgin da ba na ƙarfe ba yakan ɓace a na'urar rada cikin igiyoyin ruwa, kuma babban jirgi yana bukatar tazarar kilomitoci kafin ya tsaya. Na'urar AIS, wadda ke sanar da jirage matsayin junansu, ta taimaka ƙwarai, amma ba kowane jirgi ne ke kunna ta ba, kwantenar da ta faɗo ruwa da gungumen itace da babban kifin teku kuwa ba su da ita. Bayan kwanaki na irin wannan barci, ga ƙarar inji a kunne ba yankewa, hankali yana dushewa ta yadda mai shi ba ya ganewa. Joshua Slocum, wanda shi ne ya fara kewaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, ya ba da labarin yadda ya ga wani baƙo yana tuƙa masa jirgi lokacin da yake fama da rashin lafiya, kuma matuƙa da yawa bayansa sun ba da labarin gane-gane da jin muryoyi. Mutumin da ke cikin wannan hali ne zai yanke shawarar ko ya fita waje cikin dare ya gyara wani abu.

Idan ya fita ya zame, magana ta ƙare. Jirgi mai tafiyar mil 5 a awa ya fi gwanin ninƙaya na duniya sauri, kuma idan na'ura ce ke riƙe da sitiyari zai ci gaba da tafiyarsa babu kowa a ciki. Akwai igiyar da ake ɗaurawa a jiki don ta kashe inji idan matuƙi ya faɗa, akwai kuma ɗamarar da ke haɗa shi da jirgi, amma hawowa daga ruwa da jiƙaƙƙun tufafi babu mai miƙo hannu aiki ne da ya gagari ƙarfafa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Haka nan karayar yatsa ko ƙunar ruwan zafi ko gudawa, waɗanda a gida ƙananan abubuwa ne, a can suna hana ka aikin da rayuwarka ta rataya a kansa. Shawarata, ɗan'uwa, ita ce kada ka haɗa abubuwa ukun nan a tafiya guda: ƙaramin jirgi, sabon fasali, da kaɗaici. Kowannensu shi kaɗai ana iya yi masa tanadi. Idan suka haɗu, kowace ƙaramar matsala ba ta da abin da zai tare ta kafin ta zama babba.

TAMBAYA: Yayana ya ƙudiri irin wannan tafiya, kuma duk lokacin da muka nuna damuwa sai ya ce yana da na'urar da zai danna a zo a cece shi. Gaskiya ne ana zuwa? Hankalin mahaifiyarmu ya tashi.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya kwantar muku da hankali. Na'urar da yake nufi gaskiya ce, ana kiranta EPIRB, kuma tana aika saƙon neman ceto ta taurarin ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka kafa, ya kuma fara ceton mutane a 1982. An raba tekunan duniya yanki-yanki tsakanin ƙasashe bisa yarjejeniyar nema da ceto ta 1979, sannan yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974 da dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 sun wajabta wa kowane kyaftin ya kai ɗauki ga wanda ke cikin haɗari, muddin hakan ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin babban haɗari ba. Saboda haka saƙonsa zai isa, kuma za a yi ƙoƙari.

Abin da yayanki bai gaya muku ba, ko bai tsaya ya auna ba, shi ne tazarar da ke tsakanin isar saƙo da isar mai ceto. Jirgi mai saukar ungulu ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mil daga gaɓa. Bayan nan abin da cibiyar ceto za ta yi shi ne ta nemi jirgin kasuwanci mafi kusa ta roƙe shi ya karkata, kuma akwai tsarin da dakarun tsaron gaɓar Amurka suke gudanarwa tun 1958, mai suna AMVER, domin sanin inda irin waɗannan jirage suke. Mafi kusan yana iya kasancewa tafiyar yini ɗaya ko biyu ko fiye. A watan Janairu na 1997 matuƙin Birtaniya Tony Bullimore ya kife a tekun kudu, fiye da kilomita 2,000 daga Ostireliya, ya kwashe kwanaki a cikin kifaffen jirginsa kafin jirgin yaƙin Ostireliya ya iso gare shi. Ya rayu ne saboda jirgin bai nutse ba, akwai iska a ciki, kuma yana sanye da rigar kariya daga sanyi. Wani Bafaranshe kuwa, Jean-Jacques Savin, wanda ya ƙetare Atlantika cikin wata babbar ganga a 2019, ya sake fita a watan Janairu na 2022 yana dab da cika shekara 75 a jirgin da ake tuƙawa da hannu. Ya kunna na'urorin neman ceto, saƙon ya isa, an kuma tarar da jirgin a kife kusa da tsibiran Azores, amma shi ba a same shi ba.

Ko jirgin ya iso, ɗauko mutum daga ƙaramin jirgi zuwa ƙaton jirgin dakon kaya cikin igiyar ruwa yana cikin mafi haɗarin sassan ceton, domin bangon ƙarfe ne mai tsayin bene yana hawa yana sauka, ga tsanin igiya da gajiyayyen mutum zai kama. Ma'aikatan da za su yi wannan aiki suna da iyalai su ma, kuma ba su aka yi shawara da su ba ranar da aka tsara tafiyar. Wannan ɓangare ne da nake ganin masu irin wannan buri suna tsallake shi da sauri fiye da yadda ya dace. Wasu ƙasashe ma suna da ikon hana tafiyar tun daga gaɓa. A Amurka doka ta ba dakarun tsaron gaɓa damar dakatar da tafiyar da suka ga haɗarinta a fili yake.

Kada ku yi masa faɗa, domin faɗa yakan ƙara wa mai buri taurin kai. Ku zaunar da shi cikin girmamawa ku yi masa tambayoyin da amsarsu ba ta ɓoyuwa. An taɓa kifar da jirgin da gangan a tashar ruwa, da cikakken lodi, aka ga ya miƙe da kansa? Idan inji ya mutu, me zai tura shi? Yana da ƙaramin kwale-kwalen ceto na roba, da ruwan sha da zai isa ninki biyu na kwanakin da ya lissafa, tunda ruwan teku ƙara ƙishirwa yake yi? Na'urar tana da rajista da sunansa, kuma akwai ta biyu a jikinsa ko da ta farko ta tafi da jirgi? Kwana nawa a jere ya taɓa yi shi kaɗai a teku ba ya ganin gaɓa? Idan ya yi fushi da tambayoyin maimakon ya amsa su, wannan ma amsa ce, kuma ya kamata ku nemi wani matuƙi mai shekaru a harkar wanda yake jin maganarsa.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, na kuma ga cewa duk abin da ɗan'adam ya cim ma sai da wani ya yi kasada. Akwai waɗanda suka yi irin wannan tafiya suka isa lafiya. Ba kwa ganin yawan tsoratarwa yana kashe wa matasa zuciya?

AMSA: Allah ya ƙara girma, baba. Maganarku tana da gaskiya a cikinta, kuma ba na cikin masu raina jarumtar waɗanda suka yi. Amma idan aka duba yadda suka yi, sai a ga labarinsu ya fi goyon bayan taka-tsantsan. Ƙananan jirage masu inji sun daɗe suna ƙetare Atlantika. A 1902 William Newman ya tashi daga New York zuwa Falmouth ta Ingila a jirgi mai tsawon ƙafa 38 da injin kananzir, a 1985 kuma Ba'amurke Al Grover ya ƙetare a jirgi mai ƙafa 26 da injin da ake maƙalawa a baya. Dukansu biyu ba su kaɗai suka tafi ba, kowanne da ɗansa a cikin jirgi.

Wanda ya fi shahara da baƙin jirage shi kaɗai shi ne Kenichi Horie na Japan. A 1996 ya tashi daga Ekwado zuwa Tokyo a jirgi mai aiki da hasken rana cikin kwana 148, a 2008 kuma ya tafi daga Hawai zuwa Japan a jirgin da motsin igiyar ruwa ke turawa, ya yi kwana 110. Sai dai mutumin nan ya fara ƙetare Fasifik shi kaɗai tun 1962, yana da shekara 23, a jirgi mai filafilai na yau da kullum, don haka ya yi fiye da shekara 30 yana sanin teku kafin ya hau na hasken rana. Sabon abu ɗaya ya shigar cikin tafiyarsa, wato jirgin, shi kansa kuwa tsohon hannu ne. Ku kwatanta shi da Donald Crowhurst na Birtaniya, wanda ya shiga gasar kewaya duniya ta 1968 a sabon jirgi mai ciki uku da ba a gama shirya shi ba, ya tashi a ranar ƙarshe da aka yarda a tashi, bashi da alƙawuran da ya ɗauka suna hana shi janyewa. An tsinci jirginsa babu kowa a ciki a watan Yuli na 1969. Cikin mutum tara da suka shiga gasar, Robin Knox-Johnston ne kaɗai ya kammala. Matsin da ya tura Crowhurst bai gushe ba, ya ma ƙaru, domin matashin yau da ya sanar da ranar tashinsa a intanet, ya karɓi tallafin jama'a, dubbai suna jiran bidiyonsa, yana jin kunyar fasawa ko da ya ga jirgin bai kimtsa ba. Kuma waɗanda suka isa ne suke dawowa su ba da labari, shi ya sa mai kallo yake zaton isar ce ta fi yawa.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, baba, amma wannan ba ya nufin matashi ya bar teku. Wanda zuciyarsa ke can ya fara da koyon tuƙi da gyaran inji da aikin rediyo da taimakon farko a hannun masana. Ya ƙetare teku sau ɗaya ko biyu a matsayin ma'aikaci a jirgin wani, ya san yadda jikinsa yake a dare na goma. Idan ya ƙera nasa, ya kai zanen wurin injiniyan jirage ya auna masa daidaiton jirgin a cike da kuma a wofi, ya gwada shi a bakin gaɓa cikin mummunan yanayi inda ceto yake kusa, ya riƙa ƙara nisa zango bayan zango, ya sa masa hanyar tafiya ta biyu ko da ƙaramin filafili ne, kuma a tafiyar farko mai nisa ya ɗauki abokin tafiya wanda zai riƙe sitiyari ya sa ido yayin da shi yake barci.